Lungun da Mota Ba Ta Shiga

Alhamis ranata ce. Tun ina koyarwa a firamare nake satar mata lokaci, da na yi ritaya kuwa sai ta zama tawa ɗungurungum. In hantsi ya ɗaga, na sha kununa, sai in yafa mayafi, in ɗauki ɗan kwando, in kama hanyar cikin gari a ƙafa.

Gidan da nake zaune yanzu a bayan garin Daura yake, ta hanyar Zango. Babban ɗana ne ya gina mini bayan rasuwar mahaifinsu. Ba zan yi wa Allah butulci ba, gida ne mai kyau, ga tayil, ga famfo, ga doguwar katanga da waya mai ƙaya a kanta. Sai dai in ka yi atishawa a ciki babu maƙwabcin da zai ji balle ya yi maka addu'a. Ni kuwa a cikin gari aka haife ni, inda in an soya albasa a gida ɗaya gidaje uku ke sanin yau da baƙi.

Da na hau titi 'yan acaɓa za su fara: "Hajiya, tafiya ce?" In ɗaga musu hannu in wuce. Na san inda kwalta take ƙarewa ƙasa ta fara, daga nan kuma hancina ne ke yi mini jagora. Akwai mai waina a gindin darbejiya, wadda ta san ni gefen da ya ɗan ƙone nake so. Akwai gidan ƙuli-ƙuli, tun daga waje nake gane ko gyaɗar bana ce suka soya ko ta bara. Akwai gidan da ake dambun zogale, matar gidan ɗalibata ce, har gobe in ta gan ni sai ta gyara tsayuwa kamar zan tambaye ta jadawalin sau. Baƙi kan zo su leƙa rijiyar Kusugu, su ɗauki hoto, su koma mota su ce sun ga Daura. Allah ya ba su haƙuri, ba su ga komai ba.

Tafiyata tana ƙarewa ne a lungunmu, inda gidan mahaifina yake, ƙanena da iyalinsa ke ciki yanzu. Lungu ne siriri, in jaki ya shigo da mangala sai ka manne da bango. A can ƙarshensa akwai wata tsohuwa, ƙawar mahaifiyata, kowa Inna yake ce mata. A zamaninta ita ce ungozomar unguwa, kuma tun ina yarinya daddawa take yi. Ta kalwa take yi, ba ta waken suya da ta cika kasuwa yanzu ba. A dafa kalwa har ta gaji, a surfa, a wanke, a sake dafawa, a rufe da ganye a bar ta ta kwana biyu, sannan a kirɓa a tsaga a shanya. Warinta kan tarbe ka tun daga bakin lungu. Idon Inna ya yi rauni tun tuni, jikokinta mata ke yin aikin ƙarfin, amma ita ke shinshinawa ta ce ta yi ko ba ta yi ba. Kuma da taku take gane mutane. Kafin in yi sallama za ta ce, "Malamar makaranta, kin makara yau."

Sai in zauna a bakin tabarmarta mu taɓa hira. A wurinta nake jin wanda ya haihu, wanda ke kwance, wanda ya dawo daga cin rani. In zan tafi ta sa a zubo mini daddawar mako a kwando. Wannan ita ce Alhamis ɗina, ba ta fi haka ba.

To, shi wannan babban ɗan nawa ɗan fari ne. Wanda ya tashi a cikinmu ya san abin da ke nan. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama na yi doguwar hira da shi ba, ban taɓa yabonsa a gaban mutane ba. Da aka yaye shi mahaifiyata ta ɗauke shi, a wannan lungun ya girma, yana ce mini Yaya yadda ƙannena suke faɗa. Yanzu ya zama injiniya, furfura ta fara fito masa, ya koma ce mini Hajiya, ni kuma har yau "yaron nan" nake cewa. In yana da magana da ni sai ya bi ta bakin autata, ni ma ta bakinta nake mayar masa. Ina son sa, Allah ya sani, wataƙila ma fiye da sauran. Kunya ce kawai irin wadda muka tarar, kuma ban taɓa jin ta yi mini nauyi ba sai a kan maganar da zan faɗa.

Wurin aikinsa suka tura shi ƙaro ilimi ƙasar Japan, ya tafi da matarsa. A can ta haihu. Mahaifiyarta ba ta da lafiya, sai aka ce ni in je in zauna da mai jego. Na ce ni da ko Legas ban taɓa zuwa ba? Aka dai lallaɓa ni na hau jirgi.

A wani tsohon birni ne suke zaune, irin wanda ake zuwa kallo. Da mai jego ta yi ƙwari, yaron nan ya aiko ta ta gaya mini cewa ya shirya mana fita. Na ɗauka mota za mu shiga. Ashe kuɗi ya biya, kuɗi na gaske, don wata mata mai riƙe da 'yar tuta ta shige gaba mu bi ta a ƙafa lungu-lungu. Na dai bi.

Lungunan nasu ba su fi namu faɗi ba. Gidajen katako ne tsofaffi, sun yi baƙi saboda shekaru, amma ko'ina a share yake tas, wannan kam na ba su. Tsofaffin mata na tafiya abinsu, wasu sun ranƙwafa sun fi ni shekaru nesa, kowacce na jan 'yar jakar cefane mai taya, babu wanda ya kalle su. Muka shiga wani ɗan shago, aka ce mu cire takalmi, muka zauna a tabarma a ƙasa. Na tambaya ko da alade ko giya a ciki, aka tabbatar mini babu. Suka kawo wani farin abu a ɗan kwano, matar mai tuta tana ta bayani, yaron nan yana fassara wa matarsa don in ji. Wai gidan nan kaka da kakanni suke yin sa. Na ɗanɗana na ce wa surukata, "Ke, wannan ai awara ce, ba a dai soya ba." Ta toshe baki tana dariya.

Sannan aka kawo wani wake mai yauƙi kamar kuɓewa. Tun kafin ya iso hancina ya gaya mini ko wane ne. Daddawa ce, ba a kirɓa ba, ba a shanya ba, a kan shinkafa suke ɗora ta su ci haka nan. Na saci kallon yaron nan. Yana ci da 'yan tsinkayensu, yana gyaɗa kai, yana gaya wa matarsa cewa mutanen nan sun san darajar abin da suka gada, shi ya sa suka ci gaba. Ya yi ta ɗaukata hoto, ina tsaye a bakin lungu, ina zaune a tabarma, ina riƙe da kofin wani koren shayi mai ɗaci. Ya aika wa kowa da kowa. A ranar na ji daɗi ƙwarai, na ce a raina ashe yaron nan ya san abin da nake so.

Na dawo gida na ci gaba da Alhamis ɗina. Su ma ba su daɗe ba suka dawo, aka ƙara masa girma a wurin aiki, sunansa ya fara fitowa. Ran nan ina dawowa daga lungu, kwando a hannu, rana ta ɗan yi zafi na tsaya a inuwar wani shago ina share gumi. Ashe wani ɗan baƙin ciki ya ɗauke ni hoto da waya. Har yau ban san ko wane ne ba, kuma ban yafe ba. Hoton ya zaga ya zaga har ya isa wurin yaron nan, an rubuta a ƙasa wai ga uwar manya tana gararamba a rana da kwandon daddawa, 'ya'ya na Abuja suna shan sanyi.

Ba a yi mako ba sai ga mota a ƙofar gidana, fara sol, da direba, wani dattijo mutumin Mashi mai haƙuri. Autata ta zo da saƙo tana sunkuyar da kai. "Hajiya, Yaya ya ce don Allah don Annabi ki daina fita a ƙafa. Ya ce duk inda za ki a kai ki. Ya ce ana zaginsa."

Na ce, "A can da ya biya kuɗi na yi tafiyar ƙafa ba a zage shi ba?"

Ta ce, "Ya ce can daban, nan daban."

Da wani ne cikin ƙannensa da tuni na ɗauki waya na wanke shi tas. Amma ɗan fari ne. Ta ina zan fara? Kuma na san zagin da ake yi masa yana yi masa ciwo, don a garin nan babu abin da ya fi a ce mutum ya yi arziki ya bar uwarsa a rana. Sai na haɗiye na shiga mota.

Wannan damina gaba ɗaya a bayan gilashi na yi ta. Mai waina sai dai in hango hayaƙinta. In na ce a tsaya, kafin in buɗe ƙofa direba ya riga ni fita ya sayo ya miƙo mini ta taga, an zaɓo masu kyau, babu ƙonanniya ko ɗaya. Mutanen da muke tsayawa mu gaisa har da tambayar jikoki suka koma ɗaga mini hannu daga nesa, wasu har da ranƙwafawa. Lungunmu kuwa mota ba ta shiga. Ranar farko na fita zan taka, direba ya sha gabana kamar zai yi kuka, ya ce an gaya masa in aka sake ganina a ƙasa bakin aikinsa. Mutum mai iyali, ya zan yi da shi? Na koma na zauna. Shi ya riƙa shiga yana karɓo mini daddawa, daga baya ma da ya ga ta kasuwa ta fi kusa sai ya riƙa sayo ta can, bai san da bambanci ba. Miyata ta lalace, ƙafafuna suka fara kumbura, barci ya ƙaurace mini. Na zama kaya, a ɗauko ni a ajiye.

Abin da ya fasa ƙwai shi ne rasuwar wata maƙwabciyarmu ta lungu, wadda muka yi wasan ƙasa tare. Ta yi jinya mai tsawo ban sani ba. Irin wannan labari ba a bugo waya a faɗa, a bakin tabarma ake jin sa. Kowa ya ɗauka wani ya gaya mini. Sai da aka yi sadakar uku sannan matar ƙanena ta zo, ta faɗa a cikin zance. Ta kuma ce Inna ta ba ta saƙo: "Ki tambayi malamar makaranta, miya ta daina yi ne, ko mu ta daina yi?"

Na yi kuka ranar, kukan baƙin ciki da na haushi a haɗe. Da na share hawaye na ce wallahi an gama.

Alhamis na zagayowa na yafa mayafina na ɗauki kwando. Direba ya taso da gudu ya buɗe ƙofar mota. Na ce, "Malam, kai an ce ka kai ni duk inda za ni, ko? To, tashi motarka ka biyo ni. Ni gaba, kai baya. Aikinka na nan, ƙafata na nan." Ya koma ya tada mota. Haka muka shiga gari, ina tafe ina taunar goro, farar mota na rarrafe a bayana, 'yan acaɓa na yi mata hon. Mutane suka fito ƙofar gida suna kallo. Na ce su kalla, mai waya ma ya ɗauka, wannan karon har gyara mayafi na yi. Mai waina ta ga ni ta saki guɗa, ta juye mini ƙonannun da ke gefen tanda. Da na shiga lungu, tun ban kai rabi ba na ji muryar Inna: "Lale da matacciya! Ashe ana dawowa?"

Labari ya kai Abuja kafin in kai gida. Autata ta yi ta zarya da saƙo, na ce ta gaya masa na ji. Kowace Alhamis in fita, mota na biye. Wata rana ma na sa aka ɗora mata buhun kalwa daga kasuwa zuwa bakin lungu, na ce ai gara ta yi wani amfani.

Bayan kaka yaron nan ya zo gida ɗaurin auren wani abokinsa, ya kwana biyu, Alhamis ta same shi a gari. Na san zai gwada ni. Na fito da kwandona na tarar ya sallami direba, shi ne zaune a gaban mota cikin farar babbar riga, ya buɗe ƙofar baya yana jira. Na raɓa ta gefen motar na fita.

Ya biyo ni. Ina jin ƙarar injin a bayana tun daga kwalta har cikin gari. Ban gaggauta ba, ban kuma rage ko tsayawa ɗaya ba. Na sayi waina, na shiga gidan ƙuli-ƙuli na daɗe, na tsaya na yi wa ɗalibata barka da haihuwar jika. Duk inda na fito yana nan, gilashi a rufe.

A bakin lungu ya kashe mota ya fito, ya sha gabana, ya rage murya don kada a ji.

"Hajiya, don girman Allah. Me kike so mutane su ce?"

Tun da na haife shi ban taɓa ɗaga ido na dube shi sosai ba. Ranar na duba. Na ga kamannin mahaifinsa, na ga gajiya a idonsa, na ga kuma da gaske yake, a ganinsa kare ni yake yi. Tausayinsa ya kama ni, amma bai hana ni magana ba.

Na ce, "Kai, saurara. Ka ɗauke ni ka kai ni ƙarshen duniya, ka biya aka zaga da ni lungun wasu, ka ci daddawar wasu kana gyaɗa kai. Tasu ce abin ɗauka a hoto, tamu ce abin kunya? Ƙawata ta yi jinya ta mutu a bayan wannan bangon ina zaune cikin motarka ina shan sanyi. Mutanen da kake tsoron bakinsu, wa ya zo ya yi mini ta'aziyya a cikinsu?"

Ya sunkuyar da kai. Bai taɓa jin magana mai tsawon haka daga bakina ba, ni ma ban taɓa jin ta ba.

Na ce, "Na riga na gaya wa kawunka, in ta Allah ta kasance a gidan ubana za a yi mini wanka. Ta wannan lungun za ku fito da ni a kafaɗa, kuma a ƙafa za ka biyo ni, da rigarka da muƙaminka, don mota ba ta shiga. Ranar ku ɗauke ni yadda kuka ga dama. Kafin nan ni zan kai kaina. Matsa mini."

Ya matsa. Na shige ban waiwaya ba. Kunya ta rufe ni kamar na yi tsirara a kasuwa, amma wani sanyi na sauka a ƙirjina. Na ɗauka zan ji tashin mota. Sai na ji taku a bayana, takun takalmi mai tauri, yana tafe yana tsayawa, da alama yana tattare riga yana tsallake kwata.

Inna na zaune a inda take zama, an shanya daddawa a faifai gefenta, ƙudaje na kewayawa. Ta karkata kai.

"Malamar makaranta ce. To wa ke bayanki? Wannan ba takun unguwar nan ba ne. Baƙo kika kawo mana?"

Na juya na dube shi. Ya tsaya cak, gefen riga a hannu, ga ƙofar gidan da ya girma a ciki a damansa. Na ga maganar ta shige shi fiye da duk abin da na faɗa a bakin lungu.

Na ce, "Ba baƙo ba ne, Inna. Ke kika yanke masa cibiya."

Ta ɗan yi lalube a ranta, sannan ta miƙo hannu. Ya saki rigar ta faɗa cikin ƙasa, ya durƙusa har gwiwa. Ta shafa fuskarsa da hannun nan nata mai warin kalwa, ta shafa gemun, ta kira shi da sunan da ni ban taɓa faɗa ba.

Ta ce, "Kai ne? Yaushe rabonka da mu?"

Na ajiye kwandona na zauna a bakin tabarma, na ce wa jikar Inna ta zubo mini ta mako, ta ƙara da ta mutum ɗaya.